Yadda Ake Horar da Na'ura Ta Gane Nau'in Dabba a Hotunan Kyamarar Daji

Kyamarar daji ba ta gajiya, kuma ba ta zaɓe. Na'urar jin ɗumi da ke gabanta tana farkar da ita duk lokacin da wani abu mai zafi dabam da na kewaye ya motsa, ko damisa ce ta gifta, ko ciyawar da rana ta gasa ce iska ke kaɗawa. Shi ya sa kyamarori arba'in da aka bari wata uku a daji kan dawo da dubban ɗaruruwan hotuna, mafi yawansu fanko. A aikin Snapshot Serengeti da aka fara a 2010 a ƙasar Tanzaniya, kyamarori 225 sun tara hotuna wajen miliyan 3.2 cikin 'yan shekaru, kusan kashi uku cikin huɗu babu dabba a ciki, kuma sai da dubban masu sa kai suka zauna a dandalin Zooniverse suna duba su ɗaya bayan ɗaya. A 2018 wani mai bincike mai suna Norouzzadeh da abokan aikinsa suka horar da na'ura a kan waɗannan hotuna, ta riƙa bambance nau'o'i 48 tana dacewa fiye da sau 93 cikin 100.

Adadin yana da daɗin ji, amma hotunan da aka gwada na'urar da su daga kyamarorin da suka ba da hotunan horo suka fito. A wannan shekarar dai Sara Beery da abokan aikinta a jami'ar Caltech ta Amurka suka nuna cewa samfurin da ya yi fice a wuraren da ya saba gani yakan yi rauni sosai idan aka ba shi hoton kyamarar da aka ɗaure a sabon wuri. Samfuri a nan shi ne fayil ɗin da ke ɗauke da abin da na'ura ta koya. Matakan da ke tafe an tsara su ne don kauce wa wannan rami, domin yawancin ayyukan da ke lalacewa ba a wajen lissafi suke lalacewa ba, a wajen tsara hotuna da yadda aka auna sakamako ne.

Fara da tambayar da kake son amsawa

Rubuta jerin dabbobin da aikinka ya shafa tun kafin ka taɓa kwamfuta. Mai son sanin ko zaki yana nan a wani yanki ba bukatarsa ɗaya da mai ƙididdige barewa ba. Na farko ba zai yarda ko hoto ɗaya na zaki ya kuɓuce masa ba, ko da kuwa zai duba hotunan ƙarya ɗari kafin ya kai gare shi. Na biyu zai jure ƙaramin kuskure muddin bai karkata gefe ɗaya ba. Wannan bambanci shi zai yanke maka inda za ka kafa iyakar tabbaci daga baya, wato makin da sai hasashen na'ura ya kai shi za ka karɓe shi.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta mai katin GPU (katin da ke hanzarta lissafin hotuna) na Nvidia mai ma'ajiyar gigabait 8 ko fiye, faifan ajiya biyu, da harshen rubuta manhaja na Python tare da PyTorch, kayan aikinsa na horar da na'ura. Wanda ba shi da GPU zai iya aron na Google Colab ta intanet don horo. Ba tare da GPU ba hoto ɗaya kan ci daƙiƙu da dama, wanda ba komai ba ne a hotuna dubu biyar, amma a hotuna dubu ɗari biyar kwanaki ne ko makonni.

Hoton kirki daga daji yake farawa

Abin da kyamara ba ta ɗauka da kyau ba, babu samfurin da zai gyara shi. Ɗaure ta a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, wato santimita 40 zuwa mita ɗaya gwargwadon girman dabbobin da kake nema. Fuskantar da ita arewa ko kudu, don hantsi da faɗuwar rana kada su riƙa haske mata ido suna tayar da ita a banza. Share ciyawa da rassan da ke gabanta tsawon mita biyu zuwa uku. Saita ta ta ɗauki hoto uku a jere duk lokacin da ta farka, saboda sau da yawa na farko wutsiya ce kawai ko hanci, sai na biyu ko na uku ya nuna jikin. Ka duba agogonta duk lokacin da ka canza batir. Wasu kyamarori kan koma wata tsohuwar rana da kansu idan wuta ta ɗauke, kuma hoton da ke ɗauke da ranar ƙarya yana rusa duk lissafin da za a yi da lokaci.

Tsara fayiloli kafin komai

Kowace kyamara tana sa wa hotunanta sunaye iri ɗaya, ta fara daga lamba ɗaya ta hau. Idan ka zuba katin memori biyu a folda ɗaya, wasu hotuna za su danne wasu ba tare da ka sani ba. Yi folda ga kowane wuri, a cikinta folda ga kowace ranar kwaso kati, kuma kada ka canza komai a ainihin hotunan. Kwafi ɗaya ya zauna a faifai na biyu ba a taɓa shi.

Daga nan yi tebur mai layi ɗaya ga kowane hoto: hanyar fayil, lambar wuri, lambar kyamara, rana da lokaci. Manhajar ExifTool tana fitar da lokacin daga cikin hoton kansa. Ƙara ginshiƙi ɗaya mai muhimmanci, wato lambar jeri. Hotunan kyamara ɗaya da tazararsu ba ta wuce daƙiƙa 60 ba ka ba su lamba ɗaya, domin ziyarar dabba ɗaya ce aka ɗauka sau da yawa. Lambar wuri da lambar jeri su ne ginshiƙan da za su cece ka a gaba, kada ka yi sakaci da su.

Raba aikin gida biyu: nemo dabbar, sannan a faɗi sunanta

Kuskuren mai farawa shi ne ya miƙa wa na'ura hoton gaba ɗaya ya ce ta faɗi dabbar da ke ciki. Dabbar kan cika ɗan ƙaramin sashe ne na hoton, sauran duk bishiya ce da ƙasa da sama, kuma na'ura za ta koyi abin da ya fi yawa. Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara da samfurin da aikinsa kawai ya zana akwati kewaye da dabba, a yanko akwatin, sannan a ba samfuri na biyu ya faɗi nau'i.

Mataki na farko ba sai ka horar da komai ba. MegaDetector, wanda ya samo asali daga shirin AI for Earth na Microsoft, kyauta ne, kuma an horar da shi da hotunan kyamarorin daji daga sassa da yawa na duniya. Abu uku kawai ya sani: dabba, mutum, abin hawa. Rashin zurfafawarsa shi ne ƙarfinsa, domin siffar dabba a gaban ciyayi ba ta canzawa sosai daga nahiya zuwa nahiya. Bayan ka girka shi da `pip install megadetector`, umarnin shi ne:

`python -m megadetector.detection.run_detector_batch MDV5A hotuna sakamako.json --recursive --output_relative_filenames`

Wanda ba ya son rubuta umarni zai iya amfani da AddaxAI, manhajar da ke gudanar da shi ta hanyar danna maɓalli. Sakamakon fayil ne da ke ba kowane akwati lambar rukuni, 1 dabba, 2 mutum, 3 abin hawa, da makin tabbaci daga 0 zuwa 1, da lambobi huɗu na matsayin akwatin. Lura da waɗannan huɗun: gefen hagu, gefen sama, faɗi da tsayi ne, kuma a matsayin kaso na girman hoton aka rubuta su, ba a fiksel ba. Sai ka ninka su da faɗi da tsayin hoton kafin ka yanka. Wanda ya ɗauke su a matsayin kusurwa biyu zai tara dubban yankakkun hotunan ciyawa.

A fitowa ta biyar ta MegaDetector, 0.2 ne makin da aka saba farawa da shi a matsayin iyaka, wato a watsar da duk akwatin da makinsa bai kai haka ba. A ta huɗu kuwa 0.8 ake amfani da shi, don haka kada ka ɗauki shawarar wata fitowa ka ɗora wa wata. Ko da ka fara da 0.2, gwada shi a kan hotunanka: ɗebo 500 a cikin waɗanda ya ce fanko ne ka duba da idonka. Idan kana tsintar ƙananan dabbobi a nesa, ko na dare da hasken bai kai gare su ba, sauke iyakar zuwa 0.1.

Akwai wata matsala da kusan kowa ke haɗuwa da ita. Kututture ko dutse mai siffar dabba a gaban wata kyamara zai riƙa samun akwati a wuri ɗaya cikin ɗaruruwan hotuna. MegaDetector yana zuwa da kayan aikin da ke tattara akwatunan da suka maimaitu a wuri ɗaya, ya nuna maka misali guda na kowanne ka tabbatar. Kada ka bar shi ya goge da kansa, domin ɓaunar da ta kwanta tana tuƙa a gaban kyamara ita ma akwatinta ba ya motsi.

Gwada abin da ke akwai kafin ka horar da naka

A watan Maris na 2025 Google ya saki SpeciesNet ga kowa, samfurin da dandalin Wildlife Insights ke amfani da shi. An horar da shi da hotuna sama da miliyan 65, kuma ya san sunaye sama da 2,000, wasu na nau'i, wasu na dangi ko rukuni mafi faɗi. Yana karɓar lambar ƙasa mai haruffa uku, kamar TZA ga Tanzaniya, don kada ya ambaci dabbar da ba ta rayuwa a can. Gudanar da shi a kan hotuna 1,000 zuwa 2,000 da ka riga ka san amsarsu. Idan ya yi abin da kake so a kan dabbobin da ke jerinka, ka huta da horo, ka tsallaka zuwa matakin aunawa. Idan ya gane manyan dabbobi amma yana tsayawa a sunan dangi wajen ƙananan, ko yana rikita gada da mazo, to lokacin horar da naka ya yi. Ko a nan aikinsa bai tafi a banza ba, domin gyara hasashen na'ura ya fi fara laƙaba suna daga tushe sauri.

Laƙaba suna

Manhajar Timelapse ta Saul Greenberg na Jami'ar Calgary tana karanta sakamakon MegaDetector kai tsaye, ta nuna akwatunan, ta bar ka ka tsallake fankon. Kafin kowa ya fara, rubuta ƙa'ida a takarda ɗaya da misalan hotuna: me ake yi idan ƙafa kawai aka gani, me ake yi idan nau'i biyu suna hoto ɗaya, yaya ake rubuta kowane suna. Rubutu biyu na suna ɗaya rukuni biyu ne a wurin kwamfuta. Dole a sami zaɓin "ba a gane ba", kuma a ƙarfafa wa masu aikin gwiwa su yi amfani da shi. Mutumin da aka tilasta wa cinta zai cinta, na'ura kuma za ta koyi cintarsa a matsayin gaskiya.

Ba mutum biyu hotuna 300 iri ɗaya kowa ya yi nasa, sannan a gwama. Inda suka saba, nan ne na'ura ma za ta sha wahala, kuma ba za ta wuce ingancin sunayen da aka koya mata ba.

Idan sunan na hoto ne gaba ɗaya ba na akwati ba, yi amfani da hotunan da nau'i ɗaya ne kawai a ciki wajen horo. Hoton da aka rubuta wa jakin dawa amma akwai barewa biyu a gefe zai haifar da yankakkun hotunan barewa masu sunan jakin dawa.

Hotuna nawa ake bukata? Wajen 300 zuwa 500 ga kowane nau'i mafari ne mai kyau, dubu ko fiye ya fi. Amma bambancin wuri ya fi yawan hoto daraja. Hoton kura 200 daga kyamarori ashirin, dare da rana, gaba da baya, sun fi 2,000 daga bakin rami ɗaya. Idan naka sun gaza, ma'ajiyar LILA BC tana da tarin hotunan kyamarar daji masu suna, har da na Serengeti. Hotunan iNaturalist, dandalin da jama'a ke ɗora hotunan halittun da suka gani, suna taimakawa wajen dabbobin da ba a cika gani ba, amma ka sani mutane ne suka ɗauke su da rana, dabbar a tsakiya, haske ya wadata. Ka zuba su a horo kawai, kada su shiga jarrabawa, kuma ka duba lasisin kowane hoto. Nau'in da hotunansa ba su kai 50 ba, haɗa shi da danginsa a rukuni ɗaya, kamar "ƙananan masu cin nama", mutum ya tantance su daga baya.

Raba hotuna ta wuri, ba ta ƙuri'a ba

A nan ne gizo ke saƙa. Ana raba hotuna kashi uku: na horo wajen 70 cikin 100, na dubawa yayin horo wajen 15, na jarrabawar ƙarshe wajen 15. Yawancin darussan koyon na'ura suna cewa a cakuɗa hotuna a raba da ƙuri'a. Ga hotunan kyamarar daji wannan yaudarar kai ce. Hotuna uku na jeri ɗaya kusan abu ɗaya ne, tsakaninsu daƙiƙa ɗaya. Idan biyu suka faɗa horo, ɗaya ya faɗa jarrabawa, ka ba ɗalibi amsa kafin ya shiga aji.

Raba ta jeri ma bai isa ba. Kyamara ba ta motsi, don haka bayan hoton ba ya canzawa. A ce wata kyamara tana kallon mashaya inda giwaye ke yawan zuwa. Na'ura za ta lura cewa wannan laka da wannan reshe suna tafiya da sunan giwa, ta daina kallon dabbar. A jarrabawar da ta ƙunshi wannan kyamara za ta ci maki mai kyau. Ranar da dorina ta fito a wurin, giwa za ta ce. Ranar da giwa ta bayyana a sabuwar kyamara cikin duhuwa, sai ta rasa ta cewa. Hadda ce ba fahimta ba. Yanko akwati yana rage matsalar amma bai kawar da ita ba, tunda ƙasa da ciyawar wurin suna nan a gefen dabbar.

Maganin shi ne a raba kyamarori, ba hotuna ba. Idan kana da wurare 40, ba horo 28, dubawa 6, jarrabawa 6, kuma duk hoton wuri ya bi wurinsa. A scikit-learn, wani kunshin kayan aiki na Python, GroupShuffleSplit yana yin wannan idan ka ba shi lambar wuri a matsayin rukuni. Bayan rabon ka ƙirga kowane nau'i a kowane kashi, domin yana yiwuwa duk hotunan damisa su taru gefe ɗaya. Idan haka ta faru, musanya wurare da hannu har kowane nau'i ya sami wakilci. Makin da za ka gani zai yi ƙasa da na rabon ƙuri'a, wani lokaci da tazara mai ɗaga hankali, amma shi ne makin da za ka samu a kakar gaba. Kason jarrabawa kuma a kulle shi, sau ɗaya ake buɗe shi a ƙarshe.

Horon kansa

Ba a farawa daga babu. Ɗauki samfurin da aka riga aka horar a kan tarin hotunan ImageNet, kamar ResNet-50 ko EfficientNetV2, wanda ya riga ya san gefe da launi da zanen fata. Samfurin shimfiɗa-shimfiɗa yake, ta ƙarshe ce ke faɗin suna. Cire shimfiɗarsa ta ƙarshe ka sa sabuwa mai ƙofofi daidai da yawan rukunanka.

Wajen yanka, faɗaɗa akwatin da kashi 10 cikin 100 a kowane gefe don kada ƙaho ko wutsiya su fita, kuma ka mai da shi murabba'i ta hanyar ƙara gefe maimakon matse hoton, domin raƙumin dawa da aka matse ya tashi daga siffarsa. Girman fiksel 224 a 224 shi ne na yau da kullum. Idan bambancin nau'o'inka a zane ko ɗigon fata yake, haura zuwa 384. Ware yankakkun da gefensu bai kai fiksel 64 ba, babu abin koyo a cikinsu. Ka tabbata zirin da kyamara ke bugawa a ƙasan hoto, mai lokaci da zafi da tambarin kamfani, bai shiga ba, don shi ma na'ura kan haddace shi.

Horon mataki biyu ne. Da farko daskarar da tsohon jikin samfurin, horar da sabuwar shimfiɗar kaɗai zagaye 3 zuwa 5 (zagaye ɗaya shi ne bin duk hotunan horo sau ɗaya) da girman taku 0.001, wato girman gyaran da samfurin ke yi wa kansa bayan kowane kuskure. Sannan saki jikin duka, rage takun zuwa 0.0001 ko ƙasa, ci gaba zagaye 15 zuwa 30 da hanyar gyaran lambobi ta AdamW, hotuna 32 a kowane ɗauka, ko 16 idan ma'ajiyar GPU ta cika. Dalilin daskarewar shi ne sabuwar shimfiɗa tana farawa da lambobin da ba su da ma'ana, kuma manyan gyare-gyaren da take jawowa a farko za su ɓata abin da jikin ya riga ya sani. Bayan kowane zagaye duba maki a kason dubawa, ajiye samfurin da ya fi, kuma ka tsaya idan zagaye biyar sun wuce ba ci gaba. Idan kuskuren horo yana sauka amma na dubawa yana hawa, hadda ta fara.

Sauya kamannin hotuna yayin horo yana rage haddar: juya hagu zuwa dama, karkatarwa kaɗan da ba ta wuce digiri 15 ba, ƙara ko rage haske, ɗan dusashewa, da yanke wani sashe don ya saba da rabin dabba. Mai da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na hotunan rana zuwa fari da baƙi, saboda hotunan dare na hasken infrared ba su da launi, kuma samfurin da ya dogara da jan gashi zai makance da dare. Kada ka kifa hoto sama zuwa ƙasa, kyamara ba za ta taɓa ganin haka ba.

Sai rashin daidaiton yawa. A kowane daji 'yan nau'o'i kaɗan ne ke cika kati. Samfurin da ya ga barewa dubu hamsin da damisa ɗari biyu zai gane cewa faɗin "barewa" ba ya kunyata shi. Kafa rufi, misali 5,000 ga kowane nau'i, a ɗebo su daga wurare daban-daban, sannan a sa sashen manhajar da ke ɗebo hotuna yayin horo ya riƙa maimaita masu ƙaranci. Kada ka wuce gona da iri har su daidaita gaba ɗaya, in ba haka ba zai fara ganin damisa a kowace inuwa. Ƙara rukunin "ba dabba ba" daga akwatunan ƙarya na MegaDetector, don su sami inda za su faɗa.

Aunawa

Maki ɗaya na gaba ɗaya ba ya gaya maka komai. Idan kashi 80 cikin 100 na hotunan jarrabawa nau'i uku ne, samfurin da bai san sauran ba ko kaɗan zai iya cin 80. Ga kowane nau'i fitar da lamba biyu. Ta farko: cikin hotunan da ya kira zaki, nawa ne zaki da gaske? Ta biyu: cikin ainihin hotunan zaki, nawa ya kamo? Sannan zana teburin rikicewa, layuka ainihin suna, ginshiƙai abin da na'ura ta ce, ka ga wa ake rikitawa da wa. Yi wannan dabam ga dare da rana, dabam kuma ga kowace kyamara. Kyamara ɗaya mai hazo a gilashi tana iya ɗauke da rabin kurakuran.

Buɗe kurakurai 100 da samfurin ya yi da tabbaci mafi girma ka dube su. Sau da yawa za ka tarar wasu ba nasa ba ne, sunan da mutum ya laƙaba ne ba daidai ba. Gyara su ka sake horo. Hanyar Grad-CAM kuma tana haska sashen hoton da samfurin ya dogara da shi. Idan hasken yana kan ƙasa ba kan dabba ba, ka koma batun rabo da bambancin wurare.

Sa shi aiki

Makin tabbaci ba alƙawari ba ne. Samfuri yana raba tabbacinsa ne tsakanin sunayen da ya sani kawai, don haka dabbar da bai taɓa gani ba zai iya ba ta sunan wata da maki 0.95. Saboda haka kafa iyaka ga kowane nau'i daga kason dubawa: nemo makin da, daga shi zuwa sama, kiran yake dacewa sau 95 ko 98 cikin 100, gwargwadon bukatarka. Abin da ya haura iyaka a karɓa, abin da ya gaza ya tafi gaban mutum. Nau'in da ba a cika gani ba, ko wanda bayyanarsa babban labari ce, mutum ya duba kowane hotonsa komai girman makin.

Yanke hukunci a kan jeri, ba hoto ɗaya ba. Haɗa makin hotunan jerin, kana ba akwati mafi girma da tabbaci nauyi mafi yawa. Wajen ƙirga ziyara kuma, masu bincike sun saba ɗaukar hotunan nau'i ɗaya a kyamara ɗaya a matsayin ziyara guda idan tazararsu ba ta kai minti 30 ba.

Ko abin da aka karɓa sai an bincika. Ɗebo 300 da ƙuri'a daga cikinsu ka duba. Idan ba ka sami kuskure ko ɗaya ba, lissafi ya ba ka damar cewa da tabbacin kashi 95 cikin 100 kuskuren bai wuce ɗaya cikin ɗari ba, wato 3 a raba da yawan abin da ka duba. Maimaita wannan duk lokacin da wani abu ya canza: sabuwar kaka da ciyawa ta yi tsawo ko ta ƙone, sabon yanki, ko sabon nau'in kyamara mai wani irin hasken dare. Hotunan da mutane suka gyara su ne mafi daraja a horo na gaba, domin su ne ainihin inda samfurin ke da rauni. Ba kowane samfuri lambar fitowa, ka rubuta ta a tebur kusa da kowane hasashe, tare da ginshiƙin da ke nuna ko mutum ya tabbatar.

Kafin hoto ko tebur ya bar hannunka, ware duk abin da MegaDetector ya sa wa lamba 2 ko 3, domin kyamarar daji tana ɗaukar mutanen da ba su san da ita ba. Goge bayanin GPS daga hotunan karkanda, giwa da sauran dabbobin da mafarauta ke bi, ka kuma dusashe wurin a teburin da za a raba zuwa murabba'in kilomita 10 ko fiye. Idan za a miƙa bayanan ga GBIF, ma'ajiyar bayanan halittu ta duniya, ko wasu masu bincike, tsarin Camtrap DP yana da tebur uku, na girke kyamara, na hotuna, da na abin da aka gani, kuma a na ukun akwai gurbin rubuta ko mutum ne ko na'ura ta ba da sunan, da kuma makin tabbacinta.